Yadda Mai Hawan Jini Zai Kare Jijiyar Ganinsa

A zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har zuwa Tafo, idan dattijo ya ce ganinsa ya fara dishi-dishi, abin da aka saba yi shi ne a ɗora laifin a kan shekaru, a bi ta kasuwar Kejetia a tsaya wurin masu tabarau a kan tebur, ya gwada biyu ko uku ya zaɓi wanda rubutu ya fi fitowa da shi. Sau da yawa hakan yana biyan bukata, domin bayan shekara 40 idon kowa yana fara gazawa wajen ganin abu na kusa. Amma ga mai hawan jini akwai wata raguwar gani wadda tabarau ba ya kai wa gare ta, saboda ɓarnar tana can a kan hanyar da saƙon gani yake bi daga bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Zaren jijiyar gani kuwa idan ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma har yau babu tiyatar da take dawo da shi. Saboda haka duk abin da za a yi mai amfani, kafin mutuwar zaren ake yin sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa manya kusan biliyan 1.3 ne suke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Gana, binciken da aka tattara ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu yana ɗauke da shi. Ke nan da wuya a shiga babban gida a zango a rasa wanda wannan bayani ya shafa.

Hanyar da gani yake bi

Haske yana shiga ta gaban ido, ya ratsa 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya wuce ta madubin ciki, sannan ya sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda likitoci suke kira ratina. A can ne miliyoyin ƙwayoyi masu jin haske suke mayar da shi saƙon lantarki. Saƙon yana taruwa cikin zarurruka fiye da miliyan 1 a kowane ido, su haɗu su fita ta baya a dunƙule, wannan dunƙulen shi ne jijiyar gani. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin idanu biyu suna haɗuwa, kusan rabin zarurrukan kowace su tsallaka zuwa ɗaya gefen, daga nan su yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan su bazu su nufi ƙeya, inda ake fassara saƙon ya zama hoto. Wannan tsallakawa tana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba: duk abin da ke hagun mutum, gefen dama na ƙwaƙwalwarsa ne yake ganin sa, da kowane ido aka kalle shi, haka kuma abin da ke damansa gefen hagu ne yake ganin sa.

Kowane taki na wannan hanya yana rayuwa ne da jinin da ƙananan hanyoyi suke kawo masa, waɗansu ma ba su kai kaurin gashin kai ba. Jijiya ba ta ajiye abinci, kuma ba ta jure yankewar iskar da jini yake kawowa, ko da na ɗan lokaci ne. A nan hawan jini yake samun ƙofa.

Idan jini ya daɗe yana bugun bangon ƙananan hanyoyin da ƙarfin da ya wuce kima, da farko sukan tsuke don su kare kansu, daga baya bangonsu ya yi kauri ya sandare, ramin da jini yake bi ya ƙara matsewa. A cikin tantanin ido, hanyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi suna gilma wa juna a wurare da dama, kuma idan ta farkon ta sandare sai ta danne ta biyun kamar yadda mutum yake taka mesar ruwa. Jini ya taru a baya, ya tsattsafo cikin tantanin, ruwa ya kumbura tsakiyarsa, wato daidai wurin da ake karatu da shi da gane fuska da zura zare a allura. Mutum yakan wayi gari ya ga ido ɗaya ya yi hazo ba tare da wani ciwo ba. Idan kuma hanyar da ke kawo jinin ce ta toshe gaba ɗaya, gani yakan ɗauke cikin daƙiƙoƙi.

Akwai wata alama da likita yake gani wadda ta shafi jijiyar kai tsaye. A cikin kowane zare akwai kayan abinci da na gyara da suke kai da komo tsakanin ido da ƙwaƙwalwa ba dare ba rana. Idan jini ya yanke wa wani ɗan yanki, wannan zirga-zirga takan tsaya, kayan su cunkushe, zaren ya kumbura, sai wurin ya fito fari fat kamar ɗigon auduga. Farin yakan ɓace bayan makonni, amma waɗansu zarurrukan sun riga sun tafi, kuma mai idon ba zai ji komai ba, domin sauran suna rufe giɓin har sai asarar ta yi yawa.

Bakin jijiyar gani, wurin da take fita daga ido, shi ma yana da nasa ƙananan hanyoyin jini, kuma yana cikin matsatsi. Idan jini ya gaza masa, abin da aka fi gani shi ne mutum ya tashi daga barci ya tarar rabin ganin ido ɗaya ya tafi, galibi rabin ƙasa, ta yadda yana ganin fuskar mai yi masa magana amma ba ya ganin matakalar da ke gabansa. Can a ƙeya kuwa, idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe, shanyewar ɓarin jiki ce ta faru, ko da hannu da ƙafa suna aiki lafiya lau. Mutum ya rasa rabin duniyarsa ta gefe ɗaya a idanu biyun. Direban pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya riƙa gogar abin da ke hagunsa yana rantsuwa bai gan shi ba. Tsohuwa ta cinye rabin tuwon da ke kwano ta ce ya ƙare. Mai karatun Alƙur'ani wanda ya rasa gefen hagu ya ga kalmar da ke gaba tana ɓace masa, domin rubutun larabci hagu yake nufa, wanda ya rasa gefen dama kuma karatun boko ne yake fi ba shi wahala. Irin waɗannan mutane sukan daɗe ana zargin su da sakaci ko rikicin tsufa, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai, domin kowace rana da ta wuce ba a gane ba tana ƙara kusantar da shanyewa ta biyu.

Fara da sanin awon jininka

Ciwon kai ko jiri ba ma'auni ba ne. Mutum yana iya yawo da awo mai tsanani shekara da shekaru yana jin garau, don haka na'ura ce kaɗai take faɗin gaskiya. A asibiti, idan an auna a ranaku daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka, an tabbatar da hawan jini. A gida iyakar takan sauko zuwa 135 bisa 85, saboda hankalin mutum ya fi kwanciya a ɗakinsa.

Awon gida yana da ladubbansa, kuma rashin kiyaye su ne yake sa lambobi su yi ta tsalle. Kada a sha shayi mai ƙarfi ko kofi, kada a ci goro ko a sha taba, na tsawon minti 30 kafin awo. A yi fitsari tukuna. A zauna a kujera mai majingina na minti 5, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba a harɗe ba, a ɗora hannu a kan tebur yadda damtse zai yi daidai da ƙirji, a ɗaura ɗamarar a kan fata ba a kan riga ba, kuma a yi shiru har na'urar ta gama, ko da an yi sallama a ƙofa. A auna sau biyu da tazarar minti 1 ko 2, safe kafin shan magani da kuma yamma, kwana 7 a jere kafin ranar ganin likita, a rubuta kowane awo a littafi tare da ranarsa. Mai kaurin damtse ya nemi babbar ɗamara, domin ƙarama takan nuna awo ya fi yadda yake. Wanda ba shi da na'ura yana iya zuwa kantin magani ko asibitin gwamnati mafi kusa, irin na Manhyia ko na Tafo. Na fi son gida guda su haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya ta damtse mai inganci, su ajiye ta wurin wanda ya iya karatu, domin awon da ke cikin gida shi ne ake yi a kai a kai.

Gwajin ido a gida

Idanu biyu suna rufa wa juna asiri, shi ya sa mutum yake iya rasa rabin ganin ɗaya bai sani ba. Sau ɗaya a mako, a cikin haske mai kyau, a rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da an danna shi ba, a kalli abu mai miƙaƙƙen layi, kamar katakon ƙofa ko layin tayil, a duba ko layin ya lanƙwashe ko wani yankinsa ya ɓace. A kalli abu ja da ido ɗaya, sannan da ɗayan. Idan jan ya dushe a wani idon, ya koma kamar an wanke shi, wannan yana cikin alamun farko na cewa jijiyar gani ta taɓu.

Gwajin gefe yana bukatar mutum biyu. Ɗa ya zauna gaban mahaifiyarsa, tazarar hannu guda a tsakaninsu, ya ce: “Mma, ki rufe idon hagu, ki kalli hancina, kada ki juya ido. Yatsu nawa na ɗaga?” Ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu a sama ta dama, sannan a ƙasa ta dama, sannan sama da ƙasa ta hagu, a tsakiyar tazarar da ke tsakaninsu, ya maimaita da ɗaya idon. Idan akwai kusurwar da take kasa gani alhali shi yana ganin yatsunsa, musamman idan gefe ɗaya ne a idanu biyun, a kai ta asibiti a ranar. Wannan gwaji ba ya kama ƙaramar ɓarna, don haka cin sa bai ɗauke wa kowa zuwa wurin likita ba.

Abin da za a nema a asibitin ido

Mai hawan jini ya kamata a duba bayan idonsa da zarar an tabbatar masa da cutar, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ko yadda likita ya tsara. Idan akwai ciwon sukari a haɗe, to duk shekara dole ne, domin cututtukan biyu hanyoyin jini ɗaya suke ci. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda mutanen gari suke kira Gee, yana da cibiyar ido, kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) tana horar da masu awon ido waɗanda ake samu a asibitoci da dama. A tafi da littafin awo da fakitin duk maganin da ake sha, har da na gargajiya, a kuma sabunta katin inshorar lafiya ta ƙasa tun kafin ranar, abin da ake iya yi a waya ta hanyar *929#.

Karanta haruffan allo kaɗai bai isa ba. A faɗa a fili: “Likita, ina da hawan jini, ina so a duba bayan idona da jijiyar gani.” Za a ɗiga maganin da ke buɗe ƙofar ido, a jira minti 20 zuwa 30, sannan a haska ciki. Gani zai yi hazo na sa'o'i 4 zuwa 6 kuma rana za ta dami mutum, saboda haka a tafi da ɗan rakiya, kada a tuƙa mota ko babur. Bayan ido shi ne wuri guda a jiki da ake kallon ƙananan hanyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da an yanka ba, kuma halin da suke ciki yana ba da labarin na ƙoda da na ƙwaƙwalwa. A 1939 likitoci uku a Amurka, Keith da Wagener da Barker, sun kasa wannan ɓarna mataki 4, daga tsukewar hanyoyi kaɗan har zuwa kumburin bakin jijiyar gani. A zamaninsu, da babu magani mai ƙarfi, mafi yawan waɗanda suka kai mataki na 4 ba sa cika shekara guda a raye. Yau magani ya sauya wannan ƙwarai, amma kumburin bakin jijiya har yanzu yana nufin kwanciya a asibiti a ranar.

Likita yana iya ƙara gwajin faɗin gani, inda mutum yake danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske a cikin wani farin kwano, ko hoton da ke auna kaurin zarurrukan jijiya. Akwai kuma gwajin da ake manna ƙananan wayoyi a ƙeya, mutum ya kalli allon dara mai baƙi da fari yana juyawa, na'ura ta auna lokacin da saƙo yake ɗauka kafin ya isa. A lafiyayyen mutum kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ne, jinkiri kuma yana nuna hanyar ta samu matsala. Ba kowa ne yake bukatarsa ba. Abin da kowa yake bukata, musamman bayan shekara 40, shi ne a auna matsin ruwan cikin ido saboda gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Cuta ce daban, maganin hawan jini ba ya warkar da ita, amma jijiya ɗaya suke kashewa, kuma binciken da aka yi a Tema ya same ta a kusan kashi 7 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama.

Alamun da ba a kwana da su

Gani ya ɗauke farat ɗaya a ido ɗaya, ko duhu ya sauko kamar labule na 'yan mintoci ya ɗage, ko rabin gani ya tafi, ko abu ɗaya ya koma biyu, ko fatar ido ta faɗo ta rufe shi: kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar sashen gaggawa nan take. Haka ma idan awo ya kai 180 bisa 120 tare da hazon gani, ko ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko ruɗewa, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe. Labulen da ya ɗage shi ya fi yaudarar mutane, domin sukan yi hamdala su koma harkokinsu, alhali sau da yawa ɗan gudan jini ne ya wuce, kuma babbar shanyewa tana iya biyo baya cikin kwanaki. A kira 112 ko a ɗauki mota, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin sa'o'i 4 da rabi na farko ake ba da shi. A yi addu'a a kan hanya, amma kada a tsaya ɗiga wani abu a ido.

Kuskuren da ya kamata a guje masa a irin wannan sa'a shi ne ninka ƙwayoyi ko karɓar na maƙwabci don a fyaɗo awon ƙasa. Jijiyar da ta saba da jini mai ƙarfi, idan aka sauke shi da gaggawa, takan rasa ɗan abin da yake isa gare ta, mutum ya makance ta dalilin maganin. Shi ya sa a asibiti ake sauke shi sannu a hankali, ana aunawa.

Mai juna biyu tana da nata hukuncin. Bayan mako 20 na ciki, har zuwa makonnin farko bayan haihuwa, idan ta fara ganin walƙiya ko ɗige-ɗige, ko ganinta ya yi hazo, tare da ciwon kai ko kumburin fuska da hannuwa, to jijjiga tana iya kasancewa a kusa. A kai ta ɗakin haihuwa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ganin da ya tafi ta wannan hanya galibi yana dawowa idan an yi maganin da wuri.

Magani da tukunya

Magungunan da aka fi bayarwa, irin su amlodifin da nifedifin da lisinofiril, suna riƙe awon ne muddin ana shan su, ba sa tumɓuke cutar. Wanda ya ga awonsa ya daidaita ya ajiye ƙwaya, cikin kwanaki jinin zai koma inda ya fito. Idan magani yana kumbura ƙafa ko yana sa tari, a koma wurin likita ya sauya shi, akwai waɗansu. Mace mai shan lisinofiril da take neman ciki ta sanar da likita tun da wuri, domin bai dace da juna biyu ba. Kafin azumin Ramadan a je a tsara lokacin sha tsakanin sahur da buɗa-baki, kuma kada mutum ya mayar da duk ƙwayoyinsa zuwa lokacin barci da ra'ayin kansa, tun da jini yana sauka da kansa cikin dare. A kuma yi hattara da maganin ciwon jiki irin diklofinak da ibufurofin, da deksametazon da waɗansu suke sha don ƙiba, da mayukan sauya launin fata masu irin wannan sinadari, domin dukkansu suna iya ɗaga jini, biyun ƙarshen kuma har matsin cikin ido suna ɗagawa.

Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma mafi yawansa ba daga hannun mai barbaɗawa yake zuwa ba. Yana cikin dunƙulen magi, da kifin gishiri irin momoni da koobi, da naman gishiri, da shito ɗin da ake zubawa a kan waakye, da yajin tsire. Miyar da aka sa wa koobi ba ta bukatar ƙarin gishiri, kuma a jiƙa kifin a zubar da ruwan kafin ya shiga tukunya. A rage dunƙule daga uku zuwa ɗaya cikin makonni, a cike gurbin da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe zai saba. Gara a rage wa tukunyar gida gaba ɗaya da a ware wa Alhaji tasa miyar, wadda zai ture ya sa hannu a ta yara. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana cika minti 150 da ake so, kuma bayan sallar asuba ne hanya ta fi sarari. Taba kuwa, ta sha ko ta shaƙa, a bar ta.

Wanda ya riga ya rasa gefe ɗaya na ganinsa ya daina tuƙi har sai likita ya auna faɗin ganinsa ya ba shi izini. A gida a riƙa tunkarar sa ta gefen da yake gani, a ajiye masa kwano da buta a wannan gefen, a koya masa juya kai da gangan zuwa gefen da ya mutu kafin ya tsallaka titi, kuma a sa masa jan zare ko ɗan katako a bakin shafi don ya gane inda layi yake ƙarewa. Ganin abu ɗaya kamar biyu da ya samo asali daga toshewar ƙaramar hanyar jini yakan warware cikin wata 3, kuma kafin lokacin ana iya rufe ido ɗaya don a samu sauƙin tafiya, muddin likita ya riga ya duba ya tabbatar da musabbabinsa.